Ruƙiyya da ganin likita: za a iya haɗawa?

'Yar'uwa, kin ce tun da kuka baro Kolofata zuwa Marwa a arewacin Kamaru ƙarar babur ke firgita ki, barci ya ƙaurace miki, kina tambaya ko ki haɗa ruƙiyya da asibiti. Ki haɗa, wallahi ba sa karo.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyoyi biyu na magance irin wannan firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali: zaman tattaunawa mai gyara tunani kan abin da ya faru, da EMDR, inda kike bin yatsan likita da ido kina tuna abin kaɗan-kaɗan.

Kafin ki ga likita, in gabanki ya faɗi, ki saki numfashi a hankali, ki tambayi kanki: tsoro ne ko fushi? In malam ya ba ki jiƙo, ki sanar da likitan.