Amsar tambayar Malam kan Turawan da suka yi kaka-gida a ƙasar mutane

Assalamu alaikum 'yan gida. Malam, na ji tambayarka tun da asuba, wai me ya sa Bature ya bar garinsu ya je ya tare da iyalinsa a Kenya ko Aljeriya, mu kuma nan ya yi mulkinsa ya tattara ya koma. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, a bakin titi nake.

Gona ce, Malam, wallahi gona ce. A Ingila, gidan masu ƙasa babban ɗa ne ke gaje gona dukkanta, ƙanne kowa tasa ta fishshe shi. Talaka kuwa ɗan haya ne har ya mutu. A ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Ingila, ma abin ya fi muni, cuta ta kama dankalin Turawa a 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, sama da miliyan suka hau jirgin ruwa, yawancinsu Amurka. Can Amurka kuma a 1862 aka yi doka, ka zauna ka noma shekara 5, eka 160 ta zama taka. To wa zai ƙi? Sai dai fa ƙasar nan da masu ita, korar su aka yi.

Kenya ma haka. Da layin dogo ya kai tafkin Biktoriya a 1901, gwamnati na neman fanshe kuɗinta, sai ta ce Turawa su zo su yi noma a kan tuddai, wuri mai sanyi, sauro kaɗan. Aka ture ƙabilun Masai da Kikuyu gefe. A 1919 har tsofaffin sojoji aka raba wa gonaki. Mutumin da a garinsu shi ne ɗan ƙodago, ga shi yau da kuku da boyi da masu yi masa noma. Eh, akwai masu bin zinariya, kamar Johannesbag ta Afirka ta Kudu a 1886, wannan labari ne daban.

Mu kuwa, ni dai a ganina, sauro da zafin rana sun yi mana rana. Ga jama'a da yawa, ga sarakuna. Kuma dokar ƙasa ta 1910 a Arewa ba ta bar Bature ya sayi fili ya zama nasa ba, sai dai haya, kamar masu haƙar kuza a Jos.

Af, ga motata ta zo, sai anjima.