Kwana biyu a Andalus: Alhambra ko Masallacin Ƙurɗuba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, zan je Madrid baje koli a watan Afrilu, kuma kwana biyu za su rage mini kafin jirgin dawowa. Tun muna karatun zaure muke jin labarin Andalus. Alhambra zan je ko Masallacin Ƙurɗuba? Wani kuma ya ce in ba shi Yuro 70 ya samo mini tikitin Alhambra. Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwana biyu sun ishe ka ganin duka biyun, amma tikitin Alhambra, fadar sarakunan Musulmi da ke garin Granada, za ka fara yanka, sannan ka ɗora sauran tafiyar a kansa. Ƙurɗuba ba ta da wannan matsin. Alhambra kuwa ƙididdige masu shiga ake yi kullum, kuma a watan Afrilu tikiti kan ƙare makonni kafin ranar.

Batun mutumin nan, riƙe kuɗinka. Tikitin a shafin intanet na hukumar da ke kula da fadar kusan Yuro 20 ne, da sunanka ake buga shi, kuma za a nemi fasfo ɗinka a ƙofa. Abin da za ka sa wa ido shi ne ya ƙunshi Fadojin Banu Nasr, wato gidan sarautar Musulmi da ya mulki Granada. Akwai wani tikiti mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai, mutane da yawa sun saye shi da murnar sun yi arha, sai a bakin ƙofa suka gane sun sayi kube ba wuƙa. Fadojin nan su ne Alhambra. Muhammad ɗan Ahmar ya fara ginin a 1238, zuriyarsa suka yi ta ƙari har aka miƙa Granada ga Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela a ranar 2 ga Janairun 1492. A ciki ne za ka ga Tsakar Gidan Zakuna da Muhammad na Biyar ya gina, zakuna 12 na marmara ɗauke da kwarmin ruwa, bango kuma ko'ina an sassaƙe shi da "Wa la galiba illallah". Mai karatun allo ya fi sauran baƙi morewa a nan, don su ado suke gani, kai kuwa karantawa za ka yi. A jikin tikitin akwai lokacin shiga fadojin. In ka makara, ba magiya, ba sanayya.

Ga yadda zan tsara da ni ne. Ka hau jirgin ƙasa mai gudu daga Madrid da sassafe, ƙasa da awa biyu kana Ƙurɗuba, garin da ake danganta Imam Ƙurɗubi mai tafsiri gare shi. Ka yi hantsi a masallacin, da la'asar ka wuce Granada ka kwana, washegari Alhambra.

In har dole sai ɗaya, ni Ƙurɗuba zan zaɓa, ko da yake na san da yawa ba za su yarda da ni ba. Alhambra gidan sarauta ne, an yi shi don ya burge. Masallacin kuwa Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa a 785, magadansa suka yi ta faɗaɗawa kusan shekara 200, har yau ginshiƙai sama da 850 na tsaye, da bakuna ja da fari hawa biyu. Mihirabin Alhakam na Biyu kaɗai ya isa kuɗin mota. Sai dai ka shirya zuciyarka: tun 1236 aka mayar da wurin coci, a ƙarni na 16 kuma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi kuma suna lura. Kada ka ja da su. A Granada akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, daga harabarsa kana hango Alhambra gaba ɗaya, kuma ba ko sisi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Faransa, hutun Agusta kawai nake da shi. In je ko in haƙura? Kuma wace tsaraba ta cancanci kuɗina?

Amsa: Malama, a Agusta zafin Ƙurɗuba kan haura digiri 40. Kada ki ce ai kin saba da ranar gida. A gida ba kya wuni kina yawo a kan dutse. In ba wani lokacin, ki nemi tikitin farkon safiya ko na ziyarar dare a Alhambra. Masallacin Ƙurɗuba kuma an saba buɗe shi kyauta na kusan awa ɗaya da sassafe, Litinin zuwa Asabar. Ki duba shafinsu kafin ki fita.

Tsaraba kuwa, sana'ar Granada ita ce akwatuna da farantan katako da ake dasa wa ƙananan yankan itace da ƙashi. Na jabu sun cika kasuwar Alkaisariya: hoto ne aka manna aka shafe da mai ƙyalli. Ki kai idonki kusa. Na hannu za ki ga layin haɗin kowane yanki, kuma ba ya rasa ɗan karkata. Na bugawa sumul yake, arharsa ma za ta tona shi. Ƙurɗuba ta yi suna da fata da ƙirar azurfa. Azurfar zan saya. Wanda ya fito daga ƙasar dukawa bai kamata ya kwashi Yuro ya sayo jakar fata a Turai ba.

Kusa da babban cocin Granada za ki ga mata suna miƙa wa baƙi reshen wani ganye mai ƙamshi. Ba kyauta ba ce. Kina karɓa za a kama tafin hannunki a yi miki duba, a nemi kuɗi. Ki ce "no, gracias" ki wuce.

Tambaya: Da gaske ne akwai fadar da sarkin Sifaniya ke sauka har yanzu, kuma ana shiga?

Amsa: Gaskiya ne, Alkasar ta Ishbiliya, wato Sebiya. Sarki Fedro, Kirista, shi ya gina babban ɓangarenta tun daga 1364, da magina Musulmi, har da rubutun Larabci a bango. Benen da iyalan sarki ke amfani da shi tikitinsa daban ne, kuma kaɗan ake sayarwa, don haka sai ka nema da wuri.