Amsa: Sayen fili a gefen tsohon jujin Oblogo

Assalamu alaikum, Alhaji. Ka tambaya ko ya dace ka sayi filin da aka yi maka tayinsa da araha a gefen tsohon jujin Oblogo, kusa da Weija a yankin Accra na ƙasar Ghana, tunda an daɗe da daina zuba shara a wurin har ciyawa ta rufe shi.

Shawarata ita ce kada ka biya ko sidi ɗaya sai an gwada ƙasar. Sharar da aka binne tana ci gaba da ruɓewa shekaru da dama, tana fitar da iskar methane wadda ba ta da launi ko wari, kuma idan ta bi tsagar siminti ta taru a ɗaki har ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, ƙyasta ashana kaɗai ya isa ya tayar da gobara. Ƙasar ma takan lotsa a hankali, bango ya tsage.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Dalmar tsofaffin batura ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasa, kuma da an fara haƙa harsashin gini, musamman da hunturu, ƙurar za ta shiga hancinsu da abincinsu, alhali dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Rijiya kuwa, kada ma a yi tunanin haƙa ta a can.

Ka tuntuɓi hukumar kare muhalli ta EPA, ka nemi sakamakon gwajin iska da ƙasa da ruwa a rubuce kafin ka sa hannu a kowace takarda.