Fayil ɗin taswirata yana sandarar da waya, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da fayil ɗin bayanan taswira na GeoJSON mai nauyi, cike da gine-gine da hanyoyi. Duk wanda ya buɗe taswirar a shafina sai wayarsa ta sandare. An ce in yi amfani da tippecanoe. Mene ne shi, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san aikin. Wayar ba ta da laifi, kai ne ka ɗora mata kayan duka a lokaci ɗaya, alhali mai kallo ɗan yanki kawai yake gani a allonsa.

Taswirorin intanet a yayyanke suke, murabba'i-murabba'i. A mataki na 0 duniya gaba ɗaya tana cikin murabba'i guda. Duk matsowa ɗaya sai kowanne ya rabu huɗu, har a mataki na 14 adadinsu ya haura miliyan 268. Waya ba ta sauke komai sai 'yan waɗanda ke gaban ido.

Wannan yankan shi ne aikin tippecanoe. Manhaja ce da aka fara a kamfanin Mapbox, daga baya Felt ya ci gaba da kula da ita, kuma kyauta ce. Ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta mata. A Mac ka rubuta brew install tippecanoe. A Windows sai ka bi ta WSL, wato tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows. Daga nan:

tippecanoe -zg -o taswira.pmtiles --drop-densest-as-needed bayanai.geojson

Wannan -zg yana sa ta zaɓi iyakar matsowa da kanta, gwargwadon yadda bayananka suke kusa da juna. Dogon nan kuwa, wato --drop-densest-as-needed, kar ka bar shi. Manhajar ba ta yarda murabba'i ya wuce kilobayit 500, don haka idan wuri ya cunkushe, wannan umarnin ne ke ba ta izinin rage abubuwa a inda suka fi yawa. A nau'in fayil ɗin da za ta fitar, ni na fi son PMTiles a kan MBTiles, domin fayil ɗaya ne da za ka ajiye a ma'ajiyar intanet ba sai ka kafa sabar taswira ba.

Abu biyu ke rikita sababbin hannu. Idan ɗigogi ne bayananka, za ka ga wasu sun ɓace in ka ja baya. Ba lalacewa ba ce, da gangan take rage su. In kana son duka su fito, ƙara -r1, muddin ba su yi yawa ba.

Na biyun ya fi cin lokaci: manhajar tana sa ran lambobin wuri a tsarin WGS84 suke, wato tsarin da GPS ke amfani da shi. Idan fayil ɗinka daga Shapefile (wani nau'in fayil ɗin taswira) ya fito da wani tsari, fara juya shi da manhajar ogr2ogr, ka sa -t_srs EPSG:4326, kafin ka miƙa mata.