Tambarin fada da tambarin takarda

Wani mai karatu daga unguwar Zariya a Maraɗi ya tambaya: me ya sa ake kiran alamar da ke kan takardun hukuma tambari, alhali tambari ganga ce? Kuma mene ne ma'anar "tambarin talaka cikinsa"?

Malam, asalin tambari shi ne wanda ka sani, gangar sarauta mai baki ɗaya da ake rufewa da fatar sa. Ba a kaɗa shi a gidan biki ko dandali. A fadar Sarkin Katsina na Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, tambura na tashi ne ranar naɗi da lokacin salla, a da kuwa har da fita yaƙi. Wanda ya ji su daga nesa ya san sarki ne ke magana.

Wannan aikin ne alamar hukuma take yi a kan takarda, mai yiwuwa shi ya sa sunan ya bi ta. Lura da cewa aikatau ɗaya muke amfani da shi: a buga tambari a fada, a buga tambari a ma'aikatar magajin gari. Hatimi kuwa daga Larabci muka aro shi, kuma ya fi dacewa da abin da ake dangwalawa a tawada.

Ka duba tambarin Jamhuriyar Nijar da kyau. Rana tana tsakiyar garkuwa. A gefe ɗaya mashi ne da takubba biyu irin na Buzaye a giciye, a ɗaya gefen zangarniyar gero uku, a ƙasa kan bijimi, tutoci huɗu kuma sun rungume garkuwar. Makaman na tuna jarumtar magabata, kan bijimin na makiyaya ne.

Zangarniyar nan ta fi komai taɓa zuciyata. A ƙasar Maraɗi in an ce hatsi, gero ake nufi, shi ne fura, shi ne tuwon dare. A nan karin maganarka ta shigo. Sarki yana da tamburan da ake bugawa a ji ikonsa, talaka kuwa in ya ƙoshi ya shafa cikinsa ya bubbuga, to tambarinsa ke nan. Wasu na faɗin ta don zolayar mai haɗama. Ni na fi ganin ta a bakin manomi bayan kaka, lokacin da damman hatsi suka cika rumbu.