Tambaya da Amsa: Injin ƙofar gareji yana zafi yana tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙofar garejina mai aiki da rimot ta koma tsayawa a rabin hanya. Injin ya yi zafi, ya ƙi motsi, sai ya huce sannan ya tashi. Mai gyara ya ce a sayi sabo. Haka ne? Daga wani mai karatu, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen sabo tukuna. Tsayawar nan kāriya ce: a cikin injin akwai abin da ke yanke wuta idan waya ta yi zafi, ya maido ta bayan kamar minti 15 zuwa 20. Abin nema shi ne me ke sa injin jan wuta fiye da kima, kuma galibi laifin na ƙofar ne.

Rufe ƙofar, ka ja jar igiyar da ke raba ta da inji, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi ka saki. Mai lafiya za ta tsaya cak. In ta faɗo, ko sai da nishi ka ɗaga ta, sifirin ya saki ko ya karye. Ai sifirin ne ke ɗaukar nauyin ƙofar, inji ja kawai yake yi. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. Kada ka taɓa shi da kanka, yana karya hannu. Aikin gwani ne.

In ƙofar na cijewa a wuri ɗaya, duba hanyar ƙarfen da tayoyin ƙofar ke bi ko ta lanƙwashe. Goge ta da tsumma, ka bar ta a bushe. Masu lafta mata giris su ne ke jawo matsala, domin da ƙurar hunturu ta sauka sai ya zama taɓo. Mai kaɗan a tayoyi da mahaɗai ya isa.

Idan ƙofar ba ta da nauyi, sai a koma wuta. Inji mai gurnani ba juyawa, yawanci kafasitonsa ne ya mutu, wato abin da ke tara caji ya taimaka wa injin tashi. A kashe wuta, a sauke cajinsa, a auna shi. In ya gaza adadin da ke jikinsa da fiye da kashi 10 cikin 100, a sa irinsa daidai. A auna wutar gidan ma lokacin da ƙofar ke tafiya, domin in ta faɗi ƙasa da volt 230 sosai, inji na wahala. Wanda aka shigo da shi daga Amurka kuwa na volt 120 ne, dole sai da taransifoma mai isasshen ƙarfi.

Kada ka yarda a ƙara ma'aunin ƙarfin injin don ya daina tsayawa: waya za ta ƙone, kuma ƙofar na iya danne yaro. Sabon inji sai in ana jin ƙaurin ƙuna, ko mitar awon mai gyara ta nuna koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin, ya haɗe.