Amsa: Akwai 'yar Afirka da ta yi fice a wasan tanis?

Hajiya, kin ce 'yarki a Birnin Kebbi ta ƙwallafa rai a kan tanis, kina tambayar ko akwai 'yar Afirka da ta taɓa kaiwa ƙololuwa. Akwai, sunanta Cara Black, 'yar Zimbabuwe, an haife ta a 1979.

Wasan 'yan bibbiyu ne fagenta. Ta ci kofi 60 a gasannin mata, ta kuma shafe mako 163 tana ta ɗaya a duniya. A manyan gasannin tanis huɗu na duniya ta ɗaga kofi 10: biyar tare da mata, biyar tare da maza. Gasar Wimbledon, ɗaya daga cikinsu, ta mata kaɗai sau uku ta ci, a 2004 da 2005 da 2007, biyun ƙarshe tare da abokiyar wasanta Liezel Huber.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gidansu. Mahaifinta Don ya yi musu filin tanis na ciyawa a gonarsa kusa da Harare, nan ita da yayyenta Byron da Wayne suka koya. Da Wayne ɗin ta ci gasar Faransa a 2002. Wa da ƙanwa fa!

Ba doguwa ba ce. Kusa da raga take tsayawa, ƙwallo na tahowa ta tare shi tun bai taɓa ƙasa ba. Ki nuna wa yarinyar bidiyonta, ta lura da hannunta. Ki kuma samo mata abokiyar wasa ko da a makarantarsu ne, Allah ya yi mata albarka.